Hancin Yaya Arcesio

Manzanares, 6 ga Agusta, 1978

Yaya Arcesio,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da zafin Barranquillarku mai dafa mutum da ransa. Mu nan sai godiyar Allah. Surukata Doña Rosenda tana nan kwance yadda ka sani, ƙafafu sun ƙi, amma bakin nan garau yake, daga kan gado take mulkin gidan. 'Yan matan suna zuwa makaranta. Itatuwan gahawa sun yi 'ya'ya bana har rassa na sunkuyawa.

Ka karanta wa mijina Libardo cewa alfadarinsa ya warke daga ɗingishin. Tunda Allah bai ba shi karatu ba, kai ne idonsa kai ne bakinsa, ko ka ƙara gishiri a maganata ba zan sani ba.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Shekaranjiya rediyo ya ce mutum uku sun shiga wanke tanki a wani kamfanin sukari, ba su fito ba. Ba ruwa ne ya ci su ba, ba wuta ba, kwanciya kawai suka yi. Tun ranar abinci ya ƙi wuce mini. Da Libardo ya zo hutun Ista na ga hannuwansa suna saɓulewa, ga haɓo kullum da safe. Na tambaye shi, wai, "Wanki ne kawai, kamar yadda kike wanke tukunya." Ka san shi, magana sai an ciro ta da ƙugiya.

Ni na roƙe ka ka sa shi a aikin nan na kamfanin giya, shekara uku ke nan. Kakata da kakarka ciki ɗaya suka fito, a gindin murhun kakata Mama Tránsito muka yi wayo ni da kai, don haka kada ka yi mini rufa-rufa. Me kuke yi a cikin tankunan nan? Wa ke cewa a shiga?

Na ba Don Otoniel mai kai saƙo ƙullin gahawa ya miƙa maka ta jirgin ƙasa. Taka ce kai kaɗai, ta Libardo sai an fara tsinka.

Ƙanwarka,
Edilma

*

Barranquilla, 27 ga Agusta, 1978

Edilma sarkin tsoro,

Na samu takardarki, na gode. Ina lafiya, Libardo ma lafiya, yana gaishe ki da mahaifiyarsa da yara. Ya ji labarin alfadari ya yi murmushi, wanda a wajensa dogon jawabi ne. Haɓon kada ya dame ki, duk mai aikin soda yana yi.

Tun kina ƙarama inuwar ayaba ke sa ki ihu, ashe ba ki daina ba. Bari in gaya miki aikin, ki huta.

Tankunanmu goma sha biyu ne, a kwance, kowanne ya fi ɗakin Mama Tránsito tsawo. Giya takan kwana tara a ciki tana tafasa da kanta. In aka janye ta, sai ta bar mana kyauta: laka ta yis, abin da ke sa ta tafasa, a ƙasa har idon sawu, da wani zoben dauɗa mai ruwan ƙasa a sama, mai kama jiki kamar ƙanzo. In aka bar ko ɗigo, giyar gaba za ta yi tsami, a zubar da tanki guda. Akwai 'yar ƙofa a gaba, daidai kafaɗar mutum. Ta nan muke rarrafawa da takalman roba. Ruwan sanyi ake fara watsawa da tiyo, ba na zafi ba, na zafi dafa dauɗar yake ta manne. Sai a bi da soda da dogon buroshi, tun daga rufi har ƙasa, tana zubo maka a ka. A ɗauraye. Duk wanki na huɗu a sa asid, saboda wani farin dutse da giya ke haifarwa irin na cikin tsohuwar buta. A sake ɗauraye, a fesa maganin ƙwayoyin cuta, a rufe. Kin ji tukunyar mijinki.

Abin da ya kashe mutanen rediyonki kuwa iska ce. Giya in tana tafasa tana fitar da wata iska marar launi, mai nauyi, tana kwanciya ƙasa kamar ruwa a kwari. Wanda ya shaƙe ta sosai ba ya ko cewa wayyo. Don haka in an buɗe ƙofa sai a kafa fanka awa huɗu. Bayan nan sai a kira wa? Sai a kira yayanki.

Ina durƙusawa, in zura kai, in kai hancina dab da ƙasa, in ja kaɗan. In tana nan takan tsunkuli hanci, kamar in kin yi gyatsar lemon kwalba. Sai in ce a ƙara fanka. In ban ji ba, in bugi tankin sau biyu da tafin hannu, mutane su shiga. Shekara ashirin da shida ke nan, ko ɓera bai taɓa suma a bayan buguna ba. Nan ba mai kirana Arcesio, Hanci suke cewa, har manaja. Akwai wata na'urar awo da suka sayo, ta lalace tun bara, an kai ta Bogotá gyara, ina jin ta yi aure a can.

Gahawa ta iso. Kai, Edilma! Ina buɗe ƙullin sai ga ni a kicin ɗin Mama Tránsito, ƙamshin nan ya cika ɗaki har ƙwalla ta zo mini. Kullum da safe ita nake sha da mazarƙwaila, ban ba kowa ba. Tun rasuwar matata ban sha mai daɗinta ba.

Ki kwantar da hankalinki. Mijinki yana bayan hancin da ya fi kowane hanci a gaɓar tekun nan.

Yayanki,
Arcesio

*

Manzanares, 10 ga Satumba, 1978

Yaya,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. Ƙaramar takardar da ke ciki ta Libardo ce, ka karanta masa. Wannan kuwa taka ce, kada ka karanta a gaban kowa.

Ranar Lahadi bayan coci Don Otoniel ya tare ni, hula a hannu, yana ta sosa ƙeya. Ya ce, "Doña Edilma, ki yafe mini, akwai abin da na ɓoye." Ashe a hanyar tashar jirgi ta La Dorada galan ɗin kananzir ya tuntsure a kan kayansa, ƙullin gahawarka ya jiƙe sharkaf. Ya shanya shi a rana, ya sake masa takarda, ya miƙa haka nan don kunya. Ya ce surukinsa da ke aiki a jirgin sai da ya rataye ƙullin a waje, don fasinjoji sun ce wari ya hana su numfashi.

Na dawo gida na ɗauko takardarka na sake karantawa. Kicin ɗin Mama Tránsito. Ƙwalla. Kullum da safe.

Da farko na ce kara ce kake mini, ba ka so in ji kunya. Sai na tuna kai ne mutumin da ya mayar wa amarya miya ranar bikinta don ta yi ƙauri. Ba ka san kara ba, Yaya, ba a haife ka da ita ba. Da ka ji kananzir da ka cika shafi biyu kana mini tsiya.

Na zauna a kan buhun masara. Doña Rosenda tana ta ƙwala mini kira daga ɗaki, ni kuwa takardar nake ta maimaitawa.

Ka gaya mini gaskiya, don girman Allah. Yaushe rabonka da jin ƙamshi? Mutumin da ya sha kananzir mako biyu yana santi, shi ne zai ji tsunkulin iska? Kuma a kan bugunka mijina yake rarrafawa cikin ramin nan.

In na yi kuskure ka zage ni, zan sha da daɗi. Amma ka amsa da wuri.

Edilma

*

Manzanares, 15 ga Oktoba, 1978

Yaya Arcesio,

Ina gaisuwa. Mako biyar ke nan shiru. Duk Laraba ina sauka gidan waya, har ma'aikacin ya fara girgiza mini kai tun daga nesa.

An fara tsinkar gahawa, ni ce a gona ni ce a murhu, ni ce mai juya Doña Rosenda a gado kada bayanta ya yi gyambo. Da zan iya barin ta kwana huɗu da ka gan ni a ƙofar kamfaninku. Ba zan iya ba, ka kuma sani. Ko na rubuta wa Libardo, kai za ka karanta masa. Ko telegiram na buga, hannunka zai faɗa. Ka ɗaure ni tamau ba da igiya ba.

Duk sanda aka kunna rediyo sai in fita waje. Ka rubuto, ko layi ɗaya ne.

Edilma

*

Barranquilla, 29 ga Oktoba, 1978

Edilma,

Muna lafiya, ni da Libardo. Na fara da wannan don ki iya karanta sauran.

Takardarki ta maganar kananzir na yayyaga ta. Na ce ji mini 'yar ƙauye, tana zaune a kan tsauni tana gwada ni da tarko kamar ɓera. Na rubuta miki amsa mai zafi, ban aika ba. Sai na ɗauki ragowar gahawar na kai wa matar da ke sayar da arepa, wainar masarar nan, a bakin layinmu, na ce ta dafa wa kanta. Tana buɗewa ta ja da baya, ta ce, "Don Arcesio, fitila za ka kunna da ita?" Na yi dariya tare da ita. Na koma ɗaki na zauna.

Shekara biyu ke nan, tunda kin tambaya. Da haɓo ya fara, sannan abinci ya zama kamar ana tauna tsumma. Soda ce ta cinye, shekara da shekaru tana zubo mini daga rufi. Tsunkulin iskar ya daɗe bai tafi ba, shi ya sa na yi ta gaya wa kaina ba komai. Tun wajen Ista shi ma ba na tabbata. Abin da nake yi yanzu, ina duba agogo, ina duba kaurin yis, ina sauraron ko kaina zai sara. In ina shakka in ce a ƙara fanka. Da hakan yana isa.

Yanzu ba ya isa, ga dalili. Sun kafa sabon tanki a tsaye, dogo kamar hasumiyar coci, wai mai wanke kansa, akwai wata ƙwallo mai huji a ciki da ke fesa ruwa, ba sai mutum ya shiga ba. Muka ce to, Allah ya kawo sauƙi. Ranar wankinsa na farko injiniya ya saki soda mai zafi alhali tankin a rufe yake, cike da iskar nan. Na ce masa a fitar da iskar tukuna, ya dube ni kamar kare ya yi magana. Ita soda haɗiye iskar take yi. Muna tsaye muka ji ƙara kamar aradu, tankin ya lotse ya naɗe kamar gwangwanin madara da mota ta taka. Ba wanda ya ji ciwo. Amma Kirsimeti na tafe, Kanibal, bikin raye-raye da shaye-shaye, na bin ta, garin nan kuwa ba ya jin uzuri a kan giya. Duk nauyin ya dawo kan tsofaffin tankuna. Awa huɗu ta fanka ta koma ɗaya da rabi, an kuma ƙara wa sodar ƙarfi don wanki ya yi sauri. Injiniya ya dafa kafaɗata ya ce, "Ai muna da Hanci."

Ina roƙonki da kabarin Mama Tránsito, kada ki gaya wa kowa. Ba ni da mata, ba ni da ɗa, sunan nan kaɗai gare ni. In aka ji, ba korata ce ke ba ni tsoro ba. Mutum bakwai ne za su tuna sau nawa suka shiga a kan buguna, su dube ni. Mijinki yana cikinsu, shi da ke ce mini Baba.

Ki ba ni lokaci zuwa bayan Kanibal. Ban san abin da zan yi ba, wallahi ban sani ba.

Arcesio

*

Manzanares, 12 ga Nuwamba, 1978

Yaya,

Na samu takardarka. Na yi kuka, na ji tausayinka, sannan raina ya ɓaci, har yanzu kuma a ɓace yake. Muna nan dai, ruwa ake yi ba dare ba rana.

Bayan Kanibal? Wata uku ke nan! Tanki nawa ne a wata uku? Ka lissafa, tunda kai ne mai ilimi.

Mutanen zamanin da ai kyandir suke saukarwa a rijiya kafin su shiga, ka kunna kyandir mana. Ko ka ce wa Libardo ya zura nasa hancin, ka ce koya masa kake. Ko ka kwanta ciwon ƙarya, su nemo na'urarsu daga Bogotá dole. Ni mace ce mai tsinkar gahawa, ga dabara uku na kawo maka kafin ruwa ya tafasa.

Ka haɗa ni da kabarin tsohuwa, ka san ba zan tsallake shi ba. To na yi shiru, amma ba har abada ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Yaya. Sunanka ya fi ran uban 'ya'yana ne? Mutumin da bai san ko akwai mutuwa a cikin rami ba, ba shi da ikon tura mijin wata inda shi bai sa ƙafa ba.

Jiya ƙaramar ta tambaye ni me ya sa nake wanke tukunya ina kuka, na ce mata hayaƙi ne.

Ka gaya wa Libardo ina gaishe shi. Ka ce masa ya riƙa tsayawa kusa da ƙofa. Na san ba za ka faɗa ba.

Edilma

*

Barranquilla, 24 ga Nuwamba, 1978

Ƙanwata,

Gaisuwa da fatan ruwan ya yi muku sauƙi. Muna lafiya. Yau da murna nake rubuto miki, na samu mafita, kuma ke kika ba ni.

Bari in fara da dabarunki uku, Malama. Kyandir maƙaryaci ne, da idona na taɓa ganin yana ci lafiya lau a inda ƙato ya zube. Ciwon ƙarya kuwa, in na kwanta injiniya ba Bogotá zai aika ba, agogo zai duba ya ce a shiga. Libardo na fara koya masa, amma abin ba na mako biyu ba ne.

Layinki na ƙasa shi ne magana. "Inda shi bai sa ƙafa ba." Na karanta shi ya fi sau goma. Kin yi gaskiya, kuma na ji kunya da ban gano da kaina ba.

Ga yadda muke yi yanzu. In fanka ta gama, sai in ɗaura igiya a ƙugu, in rarrafa ni kaɗai har ƙarshen tankin, inda iskar ta fi son laɓewa. In durƙusa, goshi a ƙasa, in karanta addu'ar Ubanmu Wanda Ke Cikin Sama sau uku, a hankali. In na gama kaina garau, sai in bugi tankin daga ciki, su shigo. Na gaya musu alkawari ne na ɗaukar wa Budurwa Maryamu. Suna ta tsiya, wai Hanci ya tsufa ya fara neman aljanna. Ɗaya ya ce in zan yi addu'a in saka shi, matarsa ta gano inda yake kwana ranar Asabar.

Libardo ne ke riƙe igiyar. Na sa ya rantse da ran mahaifiyarsa cewa ko me ya faru ba zai biyo ni ba, ja kawai zai yi. Iskar nan ta fi cin masu ceto.

Kuma yana aiki, Edilma! Ranar Talata a tanki na shida, ina tsakiyar addu'a ta biyu sai kaina ya sara, kunnuwana suka ɗau ƙugi. Na girgiza igiya, ya fizgo ni kamar buhu. Na ce musu hancina ya ji ta a can ƙurya, aka ƙara fanka awa biyu. Da a watan jiya ne da na buga musu sun shiga su bakwai.

Rabon da in yi barci mai daɗi irin na kwanakin nan har na manta. Mijinki ba zai ƙara shiga inda ban riga shi ba. Ki ci abinci, ki daina ɗora wa hayaƙi laifi.

Yayanki,
Arcesio

*

Manzanares, 8 ga Disamba, 1978

Wayyo Yaya, wayyo ni!

Ba abin da nake nufi ke nan ba! Cewa na yi ka sauka, ka faɗi gaskiya, ka bar bugun tankin. Yaushe na ce ka mai da kanka kyandir? Haushi ne ya sa na rubuta layin nan, da na san haka za ka ɗauke shi da hannuna ya karye kafin in kai ƙarshensa. Shekararka hamsin da takwas, kana haki in ka hau tudun gidanmu. Ranar Talata ka girgiza igiya. Ranar da hannun ya mutu kafin ka girgiza fa?

Ban gaishe ka ba ma. Muna lafiya. A'a, ba ma lafiya, ni ba ni da lafiya.

Da tsoro ɗaya nake kwana, yanzu biyu ne, kuma na biyun da hannuna na ƙulla shi. Kai ka goya ni muka haye rafi ranar da gada ta karye, ka manta? Kana tsammani zan ci abinci don an ce kai ne a ramin ba Libardo ba?

Na karya alkawari. Mama Tránsito ta yafe mini, in ba ta yafe ba mu haɗu a can. Yau na rubuta wa manajanku, na gaya masa komai. Ka tsane ni, ka daina kirana ƙanwa, ka dai kasance da rai kana tsanar.

Abin da ke kashe ni shi ne hanya. Tsauni ya zabtaro ya rufe titin zuwa garin Honda tun ranar Litinin, ba mota, gidan waya a kulle, har wayar telegiram ta tsinke. Don Otoniel ya ce zai gwada ratsawa da alfadari in ruwa ya ɗan tsagaita. Na ba shi takardun biyu, na riƙe hannunsa har ya ji kunya.

Akwai gwangwanin gahawa a ƙullin, ta Libardo ce ta Kirsimeti. Sabuwar tsinka ce, na soya ta da kirfa da kanumfari yadda yake so. Ƙamshinta ya sa maƙwabta leƙowa ta katanga, Don Otoniel ya ce ko a rufe take sai ta sa alfadarinsa atishawa.

Kada ka sake shiga, Yaya. Don Allah. Don Allah.

Edilma

*

Barranquilla, 14 ga Janairu, 1979

Zuwa ga matata Edilma,

Ni ne Libardo. Wani mai keken rubutu a bakin gidan waya ne ke buga mini, ina faɗa yana bugawa. Ina gaishe ki, ina gaida Mama da yara. Ina lafiya.

Ban sani ba ko telegiram ɗina ya same ki. In bai same ki ba, ki zauna kafin ki ci gaba. Baba Arcesio ya rasu ranar sha tara ga Disamba, da hantsi, a tanki na tara.

Kwanakin baya ya ɗauki wata al'ada, yana riga mu shiga yana addu'a, wai alkawari ne. Ni ke riƙe igiya. Ranar nan na ji ya fara, na ji muryarsa har "ka ba mu yau abincinmu", sai shiru. Na jira kaɗan, na ce ko numfashi yake ja. Na kira, ba amsa. Na ja igiya, ta taho kamu biyu ta tsaya. Ashe ta sarƙe a bututun sanyaya giya da ke ciki. Na ja har tafin hannuna ya tsage. Na zura kai zan shiga, mutum uku suka danne ni a ƙasa, ina ihu suna ihu. Baba ya sa na rantse da ran Mama ba zan bi shi ba, amma wallahi ba rantsuwar ce ta hana ni ba, su ne. Da aka jawo shi da ƙugiya ya riga ya tafi. Fuskarsa lumui kamar mai barci.

Ba na gane abu ɗaya, Edilma. Mutumin da ke jin iskar nan tun daga ƙofa, yaya aka yi ranar bai ji ba? Kowa tambayar da yake yi ke nan. Fadan coci ya ce kwana ne ya ƙare.

An yi masa jana'iza mai kyau, kamfani ya tsaya rabin yini. A kan furannin an rubuta Hanci.

Ƙullinki ya iso ranar tara ga wata. Takardar da ke ciki sunansa ne a kai, mai gadi ya duba mini. Ban ga ya dace wani ya buɗe ba, na kai masa, na tona gindin gicciyen kabarinsa na sa ta. Manaja kuma ya kira ni, ya ce wata takarda ta zo daga garinmu a kan marigayi, amma tunda mai ita ya tafi ba sai an tona ba, a bar shi da mutuncinsa. Ke ce? Ban gane ba.

Ga labari mai ɗan daɗi a cikin baƙin ciki. Na'urar ba ta dawo daga Bogotá ba, kuma ashe Baba ya gaya wa injiniya ni yake koya wa. To an ba ni wurinsa. Ni ke zura kai yanzu, ni ke bugawa. An hana shiga da igiya irin tasa, an ce camfi ne. Yaran har sun fara ce mini Ƙaramin Hanci, ina hana su, amma ba zan ɓoye miki ba, ina jin daɗi. Kuma Allah yana taimakona, tanki goma sha ɗaya na duba zuwa yau, ko ɗaya bai tsunkule ni ba. Gobe akwai huɗu, Kanibal ya matso. Haɓon ya ɗan ƙaru saboda sabuwar sodar, ba wani abu ba ne.

In za ki rubuto ki sa sunan mai keken nan, Don Fulgencio, ina zuwa wajensa duk ƙarshen wata. Zan zo Ista in Allah ya kai mu.

Na gode da gahawar, ina sha kullum da safe. Sai dai kin manta kirfa da kanumfarin, kuma ta bana ba ta da ƙamshi ko kaɗan, na sa hancina har cikin gwangwanin. Ko ruwan ne ya yi mata yawa?

Mijinki,
Libardo